Rariyar Katangar Alhaji

Ka kau da kai. Kada ka ce ba ka gani ba, don lungun bai yi faɗin da mutum zai wuce bai gani ba. Ran Talatar da ruwan farko ya sauka a Agadas, ka bi ta tsohon gari a kan motonka mai ƙafa biyu, ka tarar da wata tsohuwa a bakin ƙofa tana kwarfe ruwa da tasa, zanenta jiƙe har gwiwa. Ka ɗaga ƙafafunka don kada taɓo ya ɓata maka wando, ka ce "sannu, Inna," ka ƙara wuta. Tsohuwar nan sunanta Haoua, saƙar tabarmar kaba ce sana'arta. Tun da ba ka tsaya ka tambaya ba, to zauna ka ji abin da ya faru bayan wucewarka.

A unguwar su Haoua ruwan sama ba shi da hanya sai ta cikin gidajen mutane. Gidajen a manne suke da juna, lungunan kuma sun fi tsakar gida tudu. Ruwan da ya zubo daga indararon gida yakan ratsa tsakar gidan, ya fita ta rariya a gindin katanga, ya shiga gidan maƙwabci, daga can ya wuce na gaba, har gida tara kafin ya sami fili ya gangara kori, busasshen rafin da ruwan damina ke bi. Kowa yana karɓar ruwan na samansa ya miƙa wa na ƙasansa. Ba wanda ya taɓa rubuta wannan a takarda.

Mai tsaron tsarin shi ne babban maginin unguwa. Da zarar ruwan farko ya ɗauke, yakan fito ba takalmi, riƙe da ƙwaryar farar ƙasa da aka dama, ya bi sawun ruwan gida gida. Inda ya ga ruwa ya tsaya, sai ya nemi katangar da ta tare shi, ya je bakin ƙofar mai ita, ya tsoma hannu a ƙwarya ya buga tafinsa inda kowa zai gani. Daga nan ba mai ikon taɓa katangar sai mai gida. Shi zai fara sa mata guduma da hannunsa, sannan magina su karɓa. Babu tara, babu ɗauri. Abin da ake yi kawai, muddin hannun yana nan, ba maginin unguwa da zai ɗora wa gidan ko curi ɗaya na laka.

Shekara ashirin da biyu Illiya yana riƙe da ƙwaryar nan, tun rasuwar mahaifinsa. Ya buga hannu a gidan liman, ya buga a gidan surukinsa.

Ran Talatar nan ya ratsa gida biyar lafiya. Da ya shiga na shida, gidan Haoua, ya tarar da tsakar gidan ta zama tabki. Ɗaki ɗaya ne a gidan, na laka, kuma jikinsa ya sha ruwa har tsayin gwiwa. Illiya ya dafa bangon, babban yatsansa ya nutse kamar a cikin tuwo. Ya ɗaga kai ya ga tsaga ta taso daga gindi tana neman azara. Bai buƙaci a gaya masa ba: in wani ruwan ya sauko kamar na yau kuma bai sami hanya ba, ɗakin zai kwanta.

"Illiya," in ji Haoua daga bakin ƙofa, "ka gama leƙe-leƙen? Ko kamun kifi ka zo? In ka kama, rabi nawa ne, tabkina ne."

Bai yi dariya ba. Yana tsaye a gaban katangar da ta raba gidanta da na ƙasa. Sabuwa ce fil, ta tubalin sima, tsayinta ya kai mutum biyu. Ta Alhaji Abdul'aziz ce, shugaban jam'iyyarsa a wannan yanki na gari, mai manyan motoci da ke zuwa Dirkou. Kuma Illiya ne ya gina ta da hannunsa a ranin da ya wuce.

Ya durƙusa cikin ruwan ya zura hannu a rariyar, ya zaro ledoji da kashin awaki. Ko da ya gama, ruwan bai fi na bakin buta fita ba. A nan ya gane abin da ya yi. Ya bar rariyar faɗin tafin hannu ɗaya, yadda mahaifinsa ya koya masa, domin a katangar laka haka ake yi: ka bar ƙaramar kafa, ruwa da kansa zai ci gefenta ya buɗe ta daidai buƙatarsa, bayan damina a yaɓe. Duk rayuwarsa laka ya sani, laka mai saurarawa. Bai taɓa tunanin cewa sima ba ta ba ruwa ko ƙwayar yashi ba.

"Ni na yi," ya ce.

"To, an ji. Tashi daga ruwan nan kafin sanyi ya kama maka ƙafa." Ta dubi ƙwaryar, muryarta ta sauka. "Kada ka kai wannan ƙofarsa. Ɗanka Hamidu ba motarsa yake tuƙawa ba? Bar shi. Ni tsohuwa ce, Allah na nan."

Illiya ya fita. Ƙofar Alhaji taku goma ce daga ta Haoua, amma ya daɗe kafin ya kai. An shafe fuskar gidan da launin jam'iyya, yana ta sheƙi, domin jibi Alhamis manya za su zo daga Yamai, a tsakar gidan nan za a yi taro a bayyana Alhaji ɗan takara. Masu shan shayi a gindin bango sun zuba masa ido. Duk sun san inda ruwan ya tsaya, duk sun san waye Hamidu, kuma rabinsu sun riga sun shirya uzurin da za su yi wa tsohon in ya wuce bai tsaya ba. Haka muke. Muna yafe wa mutum tsoronsa tun kafin ya ji shi, don mu ma a yafe mana namu.

Ya tsoma hannu. Ya buga. Farin tafi da yatsu biyar ya fito ɓaro-ɓaro a gefen ƙofar, farar ƙasa tana gangarowa daga gindinsa.

Ba a jima ba Bashir ya fito. Shi ne sakataren jam'iyya, matashi mai ilimin boko, salula biyu a hannu.

"Baba Illiya, c'est quoi ça, mene ne haka? Ka san nawa aka kashe a launin nan?"

"Ruwa ya tsaya, ɗana."

"To ya tsaya mana! Ruwa ne, zai bushe. Ka bari a gama taro, ran Asabar mu zauna. Tsohuwar ma mun yi mata tanadi, akwai ɗaki a sabuwar unguwa, da buhun shinkafa, har hoto za a ɗauka."

"Ka gaya wa hadari ya jira Asabar?"

Masu shayi suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Bashir ya sa aka kawo ruwa aka wanke hannun. Ran Laraba da hantsi Illiya ya dawo ya sake bugawa, aka sake wankewa. A karo na biyun Bashir ya daina wasa.

"Baba, bari in gaya maka gaskiya. Maginanku su ƙaurace mana, sai me? Muna da magina 'yan bakin teku, waya ɗaya zan buga su zo. Wannan abin naku ya wuce. C'est fini."

Gaskiya ya faɗa, kuma Illiya ya sani. Hannun ba shi da haƙori a gidan da ba ya buƙatar laka. Da la'asar Hamidu ya zo gida, ya zauna a zaure, ya ce an karɓi makullin mota, wai sai an neme shi. Illiya ya dube shi, ya dubi hannunsa na dama da farar ƙasa ta maƙale a gindin farce. Ya ce, "Ka ci abinci?"

Alhamis ta zo da zafi mai nauyi, iska ba ta motsi. Tun safe aka kafa rumfa a tsakar gidan Alhaji, aka shimfiɗa dardumai, aka jera kujeru, makaɗa suna gwada ganguna. Bayan azahar sai sama ta fara duhu ta wajen duwatsun Abzin. Wanda ya girma a garin nan ya san wannan duhun. Wata tara kana duban sama ba ka ga komai sai fari, sannan rana ɗaya ka ga hadari kamar dutse baƙi ya tashi a kan duwatsu yana tafiya.

Illiya ya ɗauki buzunsa ya nufi gidan Haoua. Ya tarar da ita a cikin ɗaki tana saƙa.

"Yaya Haoua, ki fito. Ki zo gidana har ruwan ya wuce."

"In fito in bar wa wa? A nan aka yanke mini cibiya. In na fita yau, gobe su ce ba kowa a ciki, su share wurin su ajiye mota."

"Zai faɗi."

"Kai magini ne, ka fi ni sani."

Ya roƙe ta da Allah, ya roƙe ta da zumunci, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Sai ya shimfiɗa buzunsa a gindin bangon da ya tsage, ya zauna, ya jingina bayansa da shi.

"Me kake yi haka?"

"Ni na toshe ruwan. In zai faɗi, ya fara da ni."

"Kai dai tun kana yaro ba ka da wayo," in ji ta. Amma ta tura masa ƙoƙon dabino.

Wata maƙwabciya ta leƙo ta gani, ta fita. Kafin a jima labari ya gama unguwa. Mutanen da aka gayyata su cika kujerun taro suka taru a lungu, a bakin ƙofar Haoua. Motocin manya sun iso, an zaunar da su a ƙarƙashin rumfa, suna duban kujeru rabi ba kowa.

Sai ga Alhaji Abdul'aziz da kansa, cikin babbar riga fara mai aiki har ƙasa, Bashir yana binsa. Mutane suka dare. Ƙofar ɗakin gajera ce, dole ya sunkuya sosai kafin ya shiga, kuma hularsa ta goga da laka.

"Baba Illiya," ya ce, muryarsa na rawa don fushi, "so kake ka binne ni da raina? Yau? Na biya ka, ka gina. Laifina ne?"

"Ka biya, na gina, na yi kuskure. Rabin hannun nan nawa ne, shi ya sa nake nan. Ɗaya rabin naka ne."

"To tashi ka fasa! Na ba ka izini. Bashir, a nemo masa guduma."

"Ba a aike, Alhaji. Mai katanga ke fara bugu."

"Na ce na wakilta ka!"

"Ko mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da mahaifina ya buga masa hannu, shi ya fito da kansa. Makullin Hamidu naka ne, ka riƙe. Wannan kuwa ba nawa ba ne balle in sayar maka."

Bashir ya matso yana raɗa: baƙi suna jira, président, in aka buɗe ruwan ta kan dardumai zai bi, ta gaban manya. Alhaji ya san haka. Ya kuma san in bai buɗe ba, yana iya wayar gari da gawa biyu a bayan katangarsa. Illiya yana kallon fuskarsa, yana ganin lissafin yana kai da komo a cikinta, kuma bai raina shi don haka ba. Bai taɓa ganin mai mulkin da ba ya lissafi ba.

A waje aradu ta yi ƙara, iska ta taso da ƙamshin ƙasa. Haoua ta ajiye saƙarta, ta dubi ƙasan ɗakin, ta dubi buhun geronta da ke jingine a kusurwa.

"Abdou," ta ce wa Alhaji, kamar yadda take kiransa tun yana gudu ba wando a lungun nan, "tun da kana tsaye, ɗora mini buhun nan a kan gado. Ruwa zai shigo."

Ba roƙo ta yi ba, ba kuma gatse ba. Aiki ne ta ga namiji a tsaye ta sa shi. Kuma kafin Alhaji ya tuna ko shi waye, ya riga ya sunkuya ya rungumi buhun. Gindin buhun a jiƙe yake, ya shafa masa taɓo daga ƙirji har gwiwa. Ya ajiye shi a kan gado. Ya tsaya yana duban rigarsa, sannan ya dubi bangon da ke bayan Illiya, ya kai yatsa ya taɓa. Yatsan ya nutse.

Ya fita tsakar gida ya tuɓe babbar rigar ya miƙa wa Bashir, ya rage daga shi sai 'yar ciki. Wani daga cikin magina ya riga ya kawo guduma. Bashir ya ɗaga salula zai ɗauki hoto.

"Sauke abin nan," in ji Alhaji.

"Président, wannan hoton kaɗai ya isa ya ci zaɓe..."

"Na ce sauke."

Illiya ya fito ya nuna masa wurin da ƙafa. Alhaji ya ɗaga gudumar. Shekarunsa nawa rabon da ya ɗaga abin da ya fi alƙalami nauyi, bugun farko ya kauce ya ɗan karce sima kawai. Ba wanda ya yi dariya. Ya sake. A na uku ya fasa tubali ɗaya, a lokacin ne ɗigon farko ya faɗo a bayan wuyansa. Al'ada bugu ɗaya take nema, amma bai tsaya ba sai da Illiya ya riƙe ƙotar.

"Ya isa. Saura namu."

Magina uku suka karɓa. Ruwan ya sauko gaba ɗaya, kamar an tsage sama da wuƙa. Indararo suka fara ruri. Daga sama, ta rariyar gida na biyar, ruwan gidaje biyar ya kwararo ja wur, ya cika tsakar gidan Haoua har idon sawu, ya fara lasar gindin ɗakin. Suna bugu ba sa ganin juna. Sai tubali na ƙarshe ya faɗa ciki, aka sami kafar da akuya za ta iya wucewa, ruwan duka ya juya ya bi ta nan da ƙarfin da ya kusa kayar da Illiya.

Ta kafar suna jiyo abin da ke faruwa a ɗaya gefen. Ruwan ya ratsa ƙarƙashin rumfa, ya naɗe dardumai, ya kwashi takalman manya ya yi gaba da su. Baƙin Yamai sun hau kan kujeru sun tattare riguna. Ya wuce ta tsohuwar rariyar da ke ƙasan gidan Alhaji, ya shiga na takwas, ya shiga na tara, kowane gida ya karɓa ya miƙa, har ya faɗa kori. Illiya ya tsaya cikin ruwan yana kallo, bakinsa na motsi da tasbihi. Shekara ashirin da biyu yana bin sawun ruwan nan bayan ya wuce, bai taɓa tsayawa a tsakiyarsa yana tafiya ba. Mutanen da suka tsara wannan hanya sun mutu tun ba a san sunayensu ba, ga shi har yau suna ba da umarni, ana bi.

Da ruwan ya ɗauke gabanin magariba, tsakar gidan Haoua ta tsane. Illiya ya shiga ɗakin ya dafa bango. Tsagar tana nan inda take, ba ta ƙaru ba. Ɗakin ya tsaya.

Alhaji yana zaune a kan turmi, jiƙe sharkaf, tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe. Haoua ta fito ta miƙa masa tsohon zane ya goge fuska.

"Da ka fara gyara bugu," ta ce, "sai aka karɓe. Uwarka ta fi ka iya riƙe taɓarya."

Ya yi dariya, dariyar da ta ba shi kansa mamaki.

Taron bai yiwu ba. Bayan mako biyu jam'iyya ta tsayar da wani. Har yau ana gardama a wurin shayi: wasu sun ce tsoron gawa ne ya sa shi, wasu sun ce kunya ce, wasu sun ce ai da ya san za a canza shi da bai fasa ba. Wataƙila duka gaskiya ne. Mai mulki mutum ne, alherinsa da lissafinsa a tukunya ɗaya suke dahuwa, kuma wanda ke jiran shugaba mai zuciya tas kafin ya nemi haƙƙi zai mutu yana jira. Abin da ya tabbata shi ne, alherin yana cikin Alhaji tun ran Talata, amma bai fito ba sai da aka sami wanda ya ƙi tashi daga gabansa.

Kai ma a lungunku akwai katanga irin wannan. Ka san ta, ka san mai ita, ka san wanda take cuta. Kada ka rubuta a salula ka ce ka yi magana, kada ka aika wani. Tashi yau, da rana tsaka, ka je ƙofarsa da ƙafarka, ka yi sallama, ka dube shi ido da ido ka ce masa ya buɗe. In ya ƙi, ka koma gobe.